Zaɓen otal ɗin bakin teku ya haɗa ni da maigida

Anti, barka da aiki. Shekara biyu ke nan ni da maigidana muna tara kuɗi don mu kai yara hutu bakin teku, kuma wannan ne karo na farko da za mu fita gaba ɗayanmu. Yaranmu uku: babbar shekararta 14, mai bi mata 7, sai auta mai shekara 2. Mahaifiyar maigida ma za ta bi mu, ga ta da ciwon gwiwa. Ƙasar da za mu je mun riga mun daidaita a kanta, otal ne ya zame mana abin rigima. Shi ya ga wani mai tauraro biyar a kan tudu, hotunansa kamar a mafarki, an yi ragi mai yawa, amma in an biya ba a mayar da kuɗi, kuma karin kumallo kawai suke bayarwa. Ni kuma na ga wani mai tauraro huɗu a kan yashi, akwai tafkin iyo na yara, abinci sau uku duk a cikin kuɗin, sai dai ya fi nasa tsada. Da na nuna masa matsalolin nasa, sai ya ce kullum haka nake, ba ya kawo abu in yaba. Ya ce in zaɓi wanda na ga dama, shi ya cire hannunsa. Yau kwana uku ba ya tayar da maganar, ragin kuma ya kusa ƙarewa. In bi nasa don a zauna lafiya, ko in tsaya a kan nawa? Gaskiya tsoro nake ji kada in je can in ƙare da goyo da bin yara, in dawo a gajiye fiye da yadda na tafi.

Wata uwar yara uku

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Jimlarki ta ƙarshe na fi tsayawa a kai, domin a nan damuwarki take. Kin san kanki, kin san gidanki: duk abin da otal ya gaza yi, a kanki zai faɗo. In ba a samu abincin rana ba, ke za ki nemo. In auta ya nufi ruwa, ke za ki ruga. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma ina zargin ba ki faɗa wa maigida shi da waɗannan kalmomin ba. Abin da ya ji daga bakinki shi ne jerin laifuffukan otal ɗin da ya zaɓa.

Ki ɗan tsaya a inda yake tsaye. Mutum ya yi shekara biyu yana ƙuntata wa kansa, ya zauna da waya yana ta dubawa har ya samo wurin da ya burge shi, a ransa yana hango ranar da zai shigar da mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa cikin wannan ƙasaitaccen wuri. Kyauta ya ɗauko zai miƙa miki, sai kika juya ta kika nuna masa inda ta tsage. Maganarki gaskiya ce, amma ta zo masa a lokacin da yake jiran yabo. "Na cire hannuna" ɗin nan fushi ne, kada ki ɗauke shi a matsayin izini. In kika kama ɗaki yanzu ke kaɗai, duk abin da ya faru a can, ko ruwan sama ne aka yi, za a ce zaɓinki ne. In kuma kika bi nasa kina ƙunshe da abin a ciki, ranar da Mama ta kasa hawa matakala kallon da za ki yi masa kaɗai ya isa ya ɓata kwanakin da suka rage. Saboda haka ban ba ki shawarar ko ɗaya daga cikin biyun da kika kawo ba. So nake ku koma teburi ku biyu, da ma'auni guda da kuka yarda da shi tun kafin ku sake buɗe hotuna.

Ma'aunin da zan ba ku shi ne mutum biyu: auta da Mama. Babbar 'yarki da ku iyayenta za ku iya jure kusan kowane wuri. Mai shekara 2 da mai ciwon gwiwa su ne ba sa iya lanƙwasa kansu su dace da otal, dole otal ne zai dace da su. Inda ya yi musu daɗi, kowa zai sarara, ke ma har da ke.

Mu fara da ruwa, domin shi ne abin da ba ya karɓar kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ke ci a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu ba ya fantsama ruwa yadda ake zato, shiru abin yake faruwa, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Don haka tambayar farko da za ku aika wa otal ɗin nan biyu ita ce ko akwai masu ceto a bakin tekun da kuma a tafkin iyo, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Otal da yawa, har da masu tsada, allo kawai suke kafawa cewa kowa ya shiga ruwa a kan alhakin kansa. Ku tambayi zurfin tafkin yara, da ko an raba shi da na manya, da ko akwai shinge. Ku kuma guji ɗakin da ƙofarsa ke buɗewa kai tsaye a kan ruwa. A hoto yana da kyau, amma ga mai ɗan shekara 2 da ya iya murɗa hannun ƙofa, ba za ki yi barci da ido biyu a rufe ba. Haka baranda: a tambayi tsayin ƙarfenta da faɗin tsakanin sandunan.

Shi kansa tekun hali-hali ne. Akwai gaɓar da ke cikin lungu ko bayan duwatsun murjani, ruwanta a kwance, yaro zai yi wasa a gefe. Akwai wadda ke fuskantar buɗaɗɗen teku, inda ake samun wata igiya mai jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, wadda gudunta kan wuce na gwanin iyo. Yawancin ceton da ake yi a gaɓoɓi masu igiya saboda ita ne. Abin yaudarar shi ne wurin da take yakan fi ko'ina kama da kwanciya. Ku koya wa babbar da mai shekara 7 tun daga gida: wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi ƙoƙarin zama a saman ruwa, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya bi gefen gaɓa har ya fita daga cikinta. A ƙasashe da yawa ana kafa tutoci masu rabi ja rabi rawaya don nuna inda masu ceto ke sa ido, jar tuta kuma alamar haɗari ce, amma tsarin yana bambanta, sai ku tambaya ranar da kuka sauka. In kun ga an ce gaɓar tana da Shuɗiyar Tuta, wannan lambar yabo ce da ta samo asali a Faransa a 1985, ana ba gaɓoɓin da suka cika sharuɗɗan tsabtar ruwa da tsaro, kuma duk shekara ake sabunta ta, don haka ku duba ko ta bana ce. Robar hurawa da ake sa wa yara a hannu kuwa abin wasa ce. Rigar ceto daidai jikin yaro ita ce abin dogaro, ita ma tare da babba a kusa da shi, inda hannu zai kai.

Sai maganar tudu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma masu tallan otal sun ƙware wajen sayar da hange. "Ana hango teku" daban, "a bakin teku" daban, "kusa da teku" kuma yana iya nufin sai an tsallaka babban titi ko an jira motar otal. Ku buɗe taswirar Google, ku juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ku ga da idonku abin da ke tsakanin ginin da ruwa. Sannan ku tambaya a rubuce: matakala nawa ce daga ɗaki zuwa wurin cin abinci, nawa ce zuwa yashi, akwai lifta, akwai ƙaramar motar da ke zagayawa da baƙi, akwai ɗaki a ƙasa, banɗakin na tsayuwa ne ko sai an ɗaga ƙafa an shiga baho. Ga mai ciwon gwiwa, bahon nan kaɗai ya isa ya hana ta wanka cikin natsuwa har mako guda. Ba mamaki otal ɗin maigida ya ba ku amsoshi masu gamsarwa, domin wasu na kan tudu suna da lifta har ƙasa. In haka ne, ki karɓa da zuciya ɗaya.

Kada ki ɗauka naki ya tsira don yana kan yashi. A gabashin tsibirin Zanzibar, alal misali, in teku ya janye ruwan kan yi nisa sosai, sai an jira ya dawo kafin a yi iyo, alhali a Nungwi da ke arewacin tsibirin abin bai kai haka ba. A Sharm El Sheikh ta Masar otal da yawa murjani ne a gabansu, ta kan doguwar gada ake shiga ruwa mai zurfi, abin da zai faranta wa babbar 'yarki rai amma bai amfani auta da komai ba. A Antalya ta Turkiyya gaɓar Lara yashi ce, ta Konyaalti tsakuwa. Gari ɗaya, teku ɗaya, amma ƙafar yaro ta san bambanci. Ban san inda za ku ba tunda ba ki faɗa ba, sai dai irin waɗannan tambayoyin suna aiki a ko'ina. Ki haɗa da lokacin tafiya, domin ragi mai yawa sau da yawa yanayi ne ke kawo shi. A gabashin Afirka ruwan sama ya fi ƙarfi daga Maris zuwa Mayu. A yankin Karibiyan lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma tun 2011 wata ciyawar teku kan taru a gaɓoɓinsu a wasu watanni, ta ruɓe ta yi wari. Ku binciki dalilin ragin nan kafin ya ruɗe ku. Rubutun nan na "saura ɗaki biyu" da agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi a shafin, dabarar kasuwa ce ta hana mai saye tunani.

Taurari kuma, don Allah ku rage musu daraja a wannan muhawara. Babu wata hukuma guda da ke raba su a duniya. Kowace ƙasa da tsarinta, wasu ƙasashen Turai sun haɗa nasu a ƙarƙashin ƙungiyar Hotelstars tun 2009, a wasu wuraren kuma otal ne ke ba kansa. Ko inda ake bin ƙa'ida, abin da ake ƙirgawa shi ne kayan aiki da hidimomi, irin su girman ɗaki da ko ana karɓar baƙi dare da rana. Ba sa gaya miki ko ma'aikata suna haƙuri da yaro mai kuka a wurin cin abinci. Akwai otal masu tauraro biyar da aka gina don ma'aurata masu neman shiru. Ko sun karɓi yara, za ki wuni kina "yi shiru, zauna, kada ka taɓa", ki fi kowa takura.

Wanda zai gaya muku gaskiya shi ne baƙon da ya riga ku sauka. Ku karanta ra'ayoyin watanni shida na baya-bayan nan, ku tace na masu iyali, ku fi mai da hankali ga waɗanda suka ba da maki na tsakiya, domin su ne kan faɗi daɗi da rashinsa. Ƙorafi ɗaya ba komai ba ne, akwai mutanen da ko ina aka kai su sai sun sami abin cewa. Amma in mutum biyar da ba su san juna ba sun ambaci warin danshi a ɗaki, ko kiɗa har tsakar dare, ko gini da ake yi a maƙwabta, to ku yarda. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu sun fi na otal amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu kuɗi, inda nake ganin rigimar za ta iya mutuwa da kanta. Kuna kwatanta farashin da ba iri ɗaya ba. Ku ɗauki takarda, ku rubuta abin da kowane otal zai ci tun daga saukarku jirgi har komawarku. Ku shida ne, kuma yawancin ɗakunan otal ba sa ɗaukar fiye da mutum uku ko huɗu, don haka ɗaki biyu kuke nema ko babban ɗakin iyali. In biyu ne, ku nemi masu ƙofa a tsakani, a rubuta muku tabbaci, domin "kusa da juna" na iya zama ƙarshen baranda da ƙarshen baranda. A otal da yawa mai shekara 14 kuɗin babba ake caji a kanta, tunda rangwamen yara kan tsaya a wajen shekara 12. A ƙarƙashin otal ɗin maigida ku ƙara abincin rana da na dare na mutum shida sau adadin kwanakin, da ruwan sha, da motar zuwa neman abincin in babu gidajen abinci a kusa, domin otal ɗin da ya keɓe a kan tudu ya san ba ku da wurin zuwa, kuma farashinsa zai nuna ya sani. A ƙarƙashin duka biyun ku sa motar filin jirgi, da harajin baƙi, da kuɗin hidima da wasu ke ƙarawa sai ranar tafiya. A ƙarƙashin naki kuma ku tambayi me "komai a ciki" ya ƙunsa. Sau da yawa wasannin ruwa masu inji, da wasu gidajen abincin cikin otal, da mai rainon yara, duk daban ake biya. Wurin wasan yara da ake tallatawa ma yawanci daga shekara 4 yake karɓa, wato mai shekara 7 zai shiga, auta kuwa yana hannunki. Ku tambayi ko suna iya dafa abin da ya dace da Mama in tana da abin da likita ya hana ta, da abin da iyalinku ba sa ci. Bayan wannan lissafi za ku iya tarar da mai arahar ya fi tsada. Za ku iya kuma tarar da akasin haka, ki shirya wa wannan ma.

Abu guda ne zan tsaya a kai ba sassauci: kuɗin da ba a mayarwa. Da ƙaramin yaro da dattijuwa a tafiya, zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya rushe shiri, balle a ce biza ta makara. Tarin shekara biyu bai kamata a ɗora shi a kan fatan kowa zai tashi lafiya ranar ba. Yawanci otal ɗin da ya yi ragin yana da wani farashin da ya ɗan ɗara, wanda ake iya sokewa kyauta har zuwa 'yan kwanaki kafin ranar. Ku biya wannan bambancin, ku yi inshorar tafiya da ta haɗa da jinya, ku bayyana musu ciwon Mama tun farko don kada su ƙi biya daga baya. Ku duba nisan asibiti mafi kusa da kowane otal. Ku kuma duba fasfo ɗin kowa yau ɗin nan, domin ƙasashe da yawa suna so ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Akwai mutum biyu da ban ji an tambaya ba a wasiƙarki. Mama tana iya cewa ita ba ruwanta da yashi, a ba ta inuwa da kujera inda za ta hango jikokinta. Tana iya kuma cewa tafiyar awa uku a mota bayan jirgi ita ce abin da take tsoro. Maigida ne ya fi dacewa ya tambaye ta, kuma in amsar ta fito daga bakinta, ba sai ke kin zama mai kushe zaɓinsa ba. Sai dai ku yi hattara kada a tafi da ita a matsayin mai raino ba tare da an faɗa ba. In ta ɗauki auta awa ɗaya don ranta ya so, alheri ne, amma ita ma hutu ta zo. Babbar 'yarki kuma a ba ta aiki: ta binciko abin da 'yan shekarunta za su yi a kowane otal. Budurwar da aka sa bakinta a shiri ba ta cika zuwa ta naɗe a ɗaki da waya ba.

Yadda za ki buɗe maganar kuwa, ki bari sai yara sun kwanta. Ki fara da abin da yake gaskiya, cewa wurin da ya samo ya yi kyau kuma kin san don ku ya yi. Sannan ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, da bakinki: "Tsoro nake ji in je can ban huta ba." Namiji da yawa bai san yawan aikin da fita da yara ke ɗora wa uwa ba sai an zayyana masa, kuma wannan magana ta fi "otal ɗinka yana da matakala" shiga zuciya. Ki roƙe shi shi ya rubuta wa otal ɗin biyu tambayoyin, ku karanta amsoshin tare. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu a kan wanda zai riƙa tsaron yara a ruwa, awa-awa, ana miƙa wa juna da baki, domin inda manya suka yi yawa kowa yakan ɗauka ɗayan ne ke kallo. A cikin yarjejeniyar ki sa awa biyu naki na kanki kowace rana, shi ma nasa.

In amsoshin sun nuna otal ɗin tudu bai dace ba, burinsa bai mutu ba. Kuna iya yin yawancin kwanakin a na iyali, ku ƙare da dare ɗaya ko biyu a nasa, in ɗaukar kaya da sauya ɗaki ba zai wahalar da Mama ba. Kuna iya zuwa can cin abincin dare ku biyu, ko ku sayi izinin wuni guda, tunda otal da yawa suna sayarwa ga wanda ba a can ya sauka ba. Kuna iya ajiye shi don wata tafiyar ta ku kaɗai. In kuma duka biyun sun faɗi jarrabawar, ku nemo na uku tare, wanda ba a kira shi naki ko nasa ba. Ragin in ya ƙare kafin ku gama, ku bar shi ya ƙare. Ki rubuto mini bayan kun ji daga otal ɗin, musamman amsar da suka bayar a kan masu ceto da matakala.